Kiryar Mashigi a Tsakiyar Ruwan Tiga

Abin da zan ba da labari ya faru ne a bazarar da aka canja kuɗi, watanni kaɗan bayan sojoji sun karɓe mulki. Kafin nan da shekara guda ciwon bushiya ya shiga shanu, har wasu Fulanin da ke maƙwabtaka da mu suka rasa ko ta tatsa, damina kuma ta ɗauke gero yana kan bununi. Autana yana rarrafe a lokacin. Ruwan Tiga ya kai kamar shekara goma da cinye garinmu. Azumi bai kama ba, amma an fara maganarsa.

Abin da ya tono mini shi kuwa, kwanakin baya jikata ta nuna mini wani jirgin ruwa a wayarta. Na teku ne, bene a kan bene, ya fi unguwa guda girma. Ta ce masu hali ke shigarsa, ba don za su wani gari ba, sai don su sha iska a kan ruwa su dawo. Ga shi kuwa ya kwanta a gefe ɗaya kamar saniyar da ta kasa tashi, mutane ƙanana kamar tururuwa suna bin bayansa. Na daɗe ina kallo, sannan na ce da ita, "Me suka leƙa?" Ta yi dariya ta ce ba leƙe ba ne, dutse ya daka a ƙarƙashin ruwa. Na ce to, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amma ni na shiga jirgin da leƙe ya kusa kifar da shi, kuma shi ma asalinsa na shan iska ne.

Ni 'yar mai fito ce, kuma ina taƙama da haka. Kafin a datse kogi, garinmu yana bakinsa ne, kuma da damina duk mai son ƙetarawa sai ya zo wurin Baba. Ba kwalekwale gare shi ba. Masakai gare shi, manyan ƙorai waɗanda yaro zai iya kwanciya a ciki. Zai zuba kayanka a cikin masaki, ka shiga ruwa ka rungumi bakinsa ta gefe ɗaya, shi ya riƙe ta ɗaya gefen yana iyo da ƙafa har ku isa. Wahalar tana tsakiyar kogi, inda ruwa ke da ƙarfi. A nan tsoro ke kama mutum, ya ɗaga ƙirji yana son ya hango gaɓa, masakin ya rinjaya ya sha ruwa. To a daidai nan Baba yake yin kiransa. Kalma biyu ce, yana jan ta ƙarshen: "A laaafe." Ma'anarta ka ɗora haɓarka a bakin ƙwarya, ka sauke kafaɗa, kar ka ja, kar ka leƙa, ka zauna yadda kake. Liman ya ji wannan kira, mai gari ya ji shi, amare da aka kai ƙetare duk sun ji shi. Har a gida iyaye mata da shi suke tsawata wa yara in sun cika tsalle. Kuma har Baba ya koma ga Allah ba a taɓa cewa ga wanda ya shiga ruwa da shi bai fito ba.

Inna ce ke ɗinke masa masakan in sun tsage. Ran da kogi ya cika yana ruri, muryar Baba ba ta isa ga na bayansa, sai ita ta tsaya a gindin wata kirya da ke bakin mashigi ta riƙa maimaita kiran. Muryarta siririya ce, tana ratsa ƙarar ruwa. A jikin wannan kirya yake rataye masakansa, kuma daga gindinta ana hango maƙabarta, inda aka binne shi shekara biyu kafin tashinmu.

Da aka ce mu tashi ruwa na zuwa, ni ina gidan aure a Ƙofa. Yayana ne ya kwashe su Inna zuwa sabon wurin da aka ba mu ta wajen Tudun Wada. Mai motar kaya yana sauri, aka ɗora Inna a kan buhuna ba ta samu ta je gindin kirya ba. Ba ta yi kuka ba. Abin da take ta faɗa shekara da shekaru shi ne, "Ban yi sallama da ubanku ba." Daga baya yanar ido ta rufe mata gani, sai haske da duhu kawai take bambancewa.

A wannan bazara ruwan Tiga ya ja baya irin jan da ba a taɓa gani ba. Masunta suka zo da labari cewa wata busasshiyar bishiya ta fito da kanta a tsakiyar ruwa, daidai inda tsohon garinmu yake. Duk wanda ya ji ya san ko wace ce. Kuka da rimi ba sa daɗewa a ruwa, ruɓewa suke yi. Kirya ce kaɗai za ta yi shekara goma a nutse tana tsaye.

Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da ita da Yaya a tsakar gida, ya haɗe fuska.

"Ga ta nan ta zo," in ji shi. "Ki faɗa mata da bakinki, Inna."

"Za ni in taɓa kiryar ubanku," in ji ta.

"Inna, ba kya gani. Kuma ruwan nan ba kogin da kika sani ba ne. Ba a hango ƙarshensa."

"To ai ni da ma ba hangowa zan yi ba."

Yaya ya juyo gare ni ko zan taya shi. Shi tun yana yaro ba ya son ruwa, da gona ya shaƙu. Ni kuwa ni ce mai bin Baba bakin kogi ina riƙe masa igiya. Na ce, "Yaya, ka bar ni in kai ta."

Ya ce, "Ke za ki kai ta, ke za ki dawo mini da ita. Da ƙafarta za ta shigo gidan nan."

Na ce na ɗauka. Wannan alkawari shi ne a wuyana tun daga nan har muka dawo.

Ba mu kaɗai muke son zuwa ba. Mutanen tsohon garinmu da suka watsu, wasu a Dangora, wasu a wajen Doguwa, suka ji labari suka haɗu, mun fi ashirin, yawanci masu furfura. Wanda ya shirya tafiyar taubashina ne, ɗan ƙanen Inna, dillalin dabbobi a kasuwar Tudun Wada, mutum mai ƙiba da baki. Shi ya samo jirgin.

Da hantsi muka isa bakin ruwa. Ban taɓa zuwa kusa da shi haka ba sai ran nan, domin ina jin haushinsa. Da na tsaya a gabansa haushin ya tafi, wani abu ya maye gurbinsa. Na san kogi, yana da wannan gaɓa da waccan, yana da inda ya fito da inda za shi. Wannan kuwa shimfiɗe yake kawai, ba ya tafiya ko'ina, launinsa ɗaya da sama, har ban iya cewa ga inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Duwatsun da muke hawa da haki muna yara sun zama ƙananan tsibirai, belbelu a kansu fari fat. Na ce a raina, ashe duk abin da na sani ina yarinya yana ƙarƙashin wannan.

Jirgin na ƙarfe ne, dogo, da rumfa da benci biyu a gefe da gefe, da inji a baya. Farin fentinsa ya fara ɓarewa. An ce da can Turawa da manyan ma'aikata ake ɗauka a ciki ranar hutu, a zagaya da su su sha iska, da ya tsufa aka sayar. Mai shi yanzu wani Basarke ne daga wajen Yawuri, wanda kamun kifi ya kawo shi, baƙi siriri, ba ya son yawan magana, Hausarsa ma ba irin tamu ba.

Kafin mu shiga ya jawo wasu abubuwa daga ƙarƙashin benci, ruwan goro, masu igiyoyi, ba su kai yawanmu ba. Ya ce rigar ruwa ce, a ba tsofaffi da mata su sa, in mutum ya faɗa ba zai nutse ba.

Taubashina ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ta yage a gefe, ya sa yatsa ya zaro abin da ke ciki, ya ɗaga wa jama'a.

"Jama'a ku gani. Audugar rimi ce. Malam, wannan ai matashi ne. Turawa sun bar maka matasan kai ka ɗauka riga ce."

Aka yi dariya. Kowa a cikinmu da audugar rimi yake cusa matashinsa, kuma kowa ya san abin da ke faruwa da matashi in ruwan sama ya dake shi. Mai jirgi ya ce ba haka ba ne, a cikin leda take, amma ba wanda ya saurare shi. Wani dattijo ya ce shi ba zai ɗora wannan a kan babbar rigarsa ba, wanda ya halicci ruwa shi ke tsare mutum a kansa. Bencin ƙarfe ne kuma rana ta gasa shi, sai duk wanda ya samu ya shimfiɗa tasa ya zauna a kai, har ana yaba wa Turawa da sanin daɗi.

Inna ta ce, "Miƙo mini in ji."

Na sa mata ɗaya a hannu. Ta shafa ta ko'ina, ta matsa, ta ɗaga ta a tafin hannu tana auna nauyinta.

"Ba nauyi, kuma akwai iska a ciki," in ji ta. "Masaki ne aka ɗinka masa riga. Ɗaura mini."

"Gwaggo, a shekarunki za ki sa kayan 'yan ƙwallo?" in ji taubashina.

"Kai da ka zauna a kan taka, in jirgi ya kife gindinka ne kaɗai zai tsira."

Dariyar ta koma kansa. Mai jirgi ya zo da kansa ya ɗaura mata, ya ja igiyoyin ya ƙulle tam a kan mayafinta, ya ce, "Iya, ke kin san ruwa." Ta ce, "Mijina ne ya sani, ni na ji a bakinsa." Ni ban samu ba, sun ƙare a ƙarƙashin mutane.

Ya raba mu biyu, rabi a bencin dama rabi a na hagu, ya ce kowa ya zauna inda aka ajiye shi har mu dawo. Na roƙe shi ya sa Inna a dama, can gaba, domin ya ce ta dama zai raɓa bishiyar, ta samu ta miƙa hannu. Ni ya sa ni a hagu, muna fuskantar juna, wai don nauyi ya daidaita.

Da inji ya tashi muka bar gaɓa, surutu ya mutu. Ruwa yana tsagewa a gabanmu yana haɗewa a bayanmu kamar ba mu wuce ba. Can wata tsohuwa ta ce a hankali, "Yanzu a kan gonar wa muke?" Inna tana zaune a miƙe, fuskarta a cikin iska. Ta ce da ni in riƙa faɗa mata abin da nake gani. Na ce ruwa. Bayan an jima ta sake tambaya, na ce ruwa dai, Inna. Ta ce, "Ikon Allah. A nan fa muke cin ƙaya in za mu itace."

Sai ga ta. Da farko kamar ɗan tsinke a kan faifai, sannan ta yi ta girma. Ba ganye, ba ɓawo, ta yi baƙi kamar ƙarfe, rassan sama ne kawai a waje, tsuntsayen ruwa sun jeru a kansu. Mai jirgi ya kashe inji ya ɗauki gora mai tsawo yana tura mu a hankali, don kar mu hau kututture. Ba ka jin komai sai ruwa yana lasar ƙarfe.

Ruwan wurin ya kwanta, ya yi garau. Wani da ke bencin dama ya sunkuya ya duba, sai ya ce, "Ga dutsen shanya."

Dutsen shanya wani faffaɗan dutse ne mai tudu a bayan gari, inda kowace mace a cikin jirgin nan ta taɓa shanya kuɓewa da barkono. Yana nan a ƙarƙashinmu, ana ganinsa kore-kore, har da ramukan da muke niƙa lalle a ciki, ƙananan kifaye suna shiga suna fita.

Ba wanda ya yi shawara da wani. Mutanen bencin hagu suka miƙe gaba ɗaya suka yi dama. Mutane ne masu hankali, waɗanda ba sa ɗora wa jaki mangala sai sun daidaita ta, amma shekara goma suna mafarkin wurin nan. "Ina? Ina?" "To gidanmu ta can ne." "Matsa in gani." Ni ban tashi ba, wannan kam ina faɗa da ƙarfi, 'yar mai fito ba ta tashi a kan ruwa. Amma ni kaɗai na rage a hagu, kuma na ji bencina yana ɗagawa sama da ni.

Jirgin ya kwanta. Bakinsa na dama ya taɓa ruwa, ruwa ya fara zubowa kamar ana tuttula tulu. Wani ya zame ya bangaji wani, na ƙarshen ya bangaji Inna. Ina kallo ta sulale ta baya, ba ko ƙara, ƙafafunta suka yi sama, ruwa ya rufe ta.

Mai jirgi yana ta ihu da irin Hausarsa, "Ku koma, ku koma wancan gefe." Ba wanda ya ji shi, kuma gara da ba su ji ba, domin da sun kwasa gaba ɗaya sun yi hagu da ta can za mu kife. Da aka ga tsohuwa ta faɗa, sai abin ya ƙaru, kowa ya miƙa hannu waje yana son ya kamo ta, taubashina har da rabin cikinsa a kan ruwa yana kiran Gwaggo. Ruwa ya kai mana idon sawu.

Sai ta ɓullo. Rigar ta ɗago ta, ta kwantar da ita rigingine, fuskarta a sama, mayafinta ya baje a kan ruwa. Ba ta yi fafutuka ba. Ta yi tari, ta tofar, ta karkata kai tana sauraro. Ba ta ganinmu, amma ta ji hayaniya ta taru a wuri guda, ta ji ƙarar ruwa yana shiga ƙarfe, kuma ta san abin da wannan ke nufi. Ta buɗe baki.

"A laaafe."

Muryar nan ce, siririya, wadda ke ratsa rurin kogi. Shekara goma sha ban ji ta ba. Na rantse da wanda ya yi ni, tsofaffi masu jikoki suka zube a inda suke kamar an yanke musu igiya. Ba wanda ya gudu hagu, ba wanda ya ja wani. Dattijon nan mai babbar riga ya durƙusa a cikin ruwa ya ɗora haɓarsa a kan benci, daidai yadda yake ɗora ta a bakin masakin Baba. Taubashina ya janye cikinsa ya kwanta. Jikinsu ne ya tuna, tun kafin hankalinsu ya dawo.

Jirgin ya tsaya a karkace kamar yana shawara. Sannan a hankali bakinsa ya rabu da ruwa, bencina ya sauko.

"A laaafe," ta sake cewa, a hankali wannan karon.

Mai jirgi ya yi amfani da shirun. Ya riƙa taɓa mutum ɗaya da gorarsa yana cewa, "Kai, ja gindi ka koma. Kai kaɗai." In wannan ya isa sai ya taɓa wani. Ya miƙa wa mata biyu gwangwani suka fara kwarfe ruwa.

Ni kuwa ina zaune ina kallon uwata tana nisa da mu. Iska ce ke tura ta sannu sannu. Na iya iyo, a hannun Baba na koya. Duk jikina yana cewa in faɗa in kamo ta, ga maganar Yaya tana yi mini amsa-kuwwa a kunne. Amma har lokacin nauyina ne ke riƙe da gefen hagu, in na tashi jirgin zai koma inda ya fito da mutum ashirin a ciki. Kuma kiran da ta yi ban ji ta cire ni a ciki ba. Na riƙe benci har ƙarfe ya shiga tafina. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan zaman ba, har haihuwa.

Iskar ba ta kai ta ko'ina ba sai cikin rassan kirya. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya. Wani reshe ya taɓa kafaɗarta, ta ɗaga hannu ta laluba, ta kama shi. Ta shafa shi sama da ƙasa, na ga ta gane.

Ku tuna, wannan ƙwanƙolin bishiyar ne. Muna yara sai mun tanƙwasa wuya muke hango shi, shaho ne kaɗai ke sauka a wurin. Ga uwata, makauniya, tsohuwa, tana rungume da shi, garinmu duka yana ƙarƙashin ƙafafunta, masallaci da kasuwa da ɗakin da ta haife ni. Ta juya fuskarta daidai inda maƙabarta take, ba wanda ya nuna mata, bakinta yana motsi. Ba mu ji abin da take cewa ba. Dattijon nan hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

Mai jirgi ya tura mu a hankali har kusa da ita, amma bai raɓe ta ta gefe ba. Ya juya jirgin ya ba ta baya, wajen inji, ya ce ta nan ake ɗaukar mutum, in ta gefe ne sai a sake rinjaya. Ya ce, "Iya, kin gama?"

"Saura kaɗan," in ji ta.

Muka jira. Can ta saki reshen da kanta ta miƙo hannu. Ya kama rigar ta kafaɗu ya ɗago ta kamar yarinya, ya zaunar da ita a tsakiyar jirgi. Sai a lokacin ya ce da ni, "Yanzu ki zo, da rarrafe." Na rarrafa na rungume ta, tana rawar sanyi, na cire mayafina na lulluɓa mata.

"Kin tashi?" in ji ta a kunnena.

"Ban tashi ba, Inna."

"Na sani. Da kin tashi da na ji."

Sannan ta ce, "Na yi sallamar. Mu tafi gida."

A hanyar dawowa ba wanda ya zauna a kan rigar ruwa. Aka zaro su a jiƙe aka ɗaɗɗaura, dattijon nan ya sa tasa a kan babbar rigar. Ta taubashina ta ƙi haɗuwa a cikinsa. Inna ta ji yana nishi yana ja, ta ce, "A ba shi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya." Ya ce, "Gwaggo, ni dai daga yau ko a kwano aka ba ni ruwa sai na lafe kafin in sha." Dariyar da aka yi rabi kuka ce.

Da la'asar muka isa gida. Yaya yana zaune a ƙofar gida tun safe, bai je ko'ina ba. Na sauko da ita daga mota, ta ture hannuna, ta ce in bar ta. Da sandarta ta lalubi zaure ta shiga da ƙafarta. Ya bi mu ciki, ya ga zanenta da ɗanshi, ya taɓa, ya dube ni.

"Me ya faru?"

Ita ta amsa. "Na hau kiryar ubanku har ƙwanƙoli. Kai ko reshen farko ba ka taɓa hawa ba."

Sai da taubashina ya zauna ya ba shi labarin tun daga farko ya yarda. Sannan ya ce da ni, "Kina gani ta faɗa, kika zauna?" Na ce na zauna. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. A na uku ya aiko mini da zabi biyu har Ƙofa, ba saƙon komai.

Da damina ta sauka ruwa ya dawo ya rufe kiryar, ban ƙara jin an ce ta fito ba. Inna ta ƙara shekara shida a duniya, kuma ban sake jin ta ce ba ta yi sallama ba.

Jikata ta ce a manyan jiragen nan na teku, kafin a tashi sai an tara fasinja an koya musu sa rigar da inda kowa zai tsaya in wani abu ya faru. Na ce madalla, haka ya kamata. Na tambaye ta ko suna da kalmar da kowa a ciki ya taso da ita, wadda za a faɗa sau ɗaya jiki ya bi. Ta ce mutanen ƙasashe daban-daban ne, ba su ma san juna ba. Na tausaya musu.

Cikin waɗanda suka shiga jirgin nan ran nan, Inna ta tafi, dattijo mai babbar riga ya bi ta ba da jimawa ba, Yaya da bai shiga ba shi ma ya rasu shekarar da aka yi ambaliya a wajenmu. Mai jirgi an ce ya koma Yawuri, ban san ko yana raye ba. Ɗaya daga cikin matan da suka kwarfe ruwa tana nan a Dangora, kunnenta ya toshe. Taubashina yana Tudun Wada, ƙibar ta zube, ba ya zuwa kasuwa, amma bakin yana nan. Sai ni. In na je gaishe shi, tun daga zaure nake jan kiran, shi kuma daga kan tabarmarsa sai ya sauke kafaɗa ya sunkuyar da kai, jikokinsa suna kallonmu ba su san me ake yi ba.